Sanyin Ƙasa, Ɗumin Gari

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, kuma ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Mu ma nan kalau muke, sai godiya.

Na ɗauki biro ne saboda ka daina ɗaukar wayata. Takarda dai ba ta da wurin latsawa a kashe. Direban da ya kawo maka ita na ce kada ya bar ƙofar shagonka sai ya ga ka buɗe.

Yaya, raina a ɓace yake. Ƴarka Auta ta kira ni tana kuka, ta ce ka karɓe fasfonta ka kulle a akwatin sifanunka, wai ba za ta tafi karatun jinyar da ta samu a ƙasar waje ba. Makarantar kuwa ta ce idan watan nan ya ƙare ba ta ga amincewarka ba, wani za a ba gurbin. Da na tambayi dalili, sai ta ce Mai Caji, maƙwabcin shagonka, ya nuna maka bidiyo a waya: ƙanƙara ta binne motoci, mutane sun cika tashar jirgi ba masaka tsinke. A kan wannan ka yanke hukunci. Ni da nake koyar da labarin ƙasa tun Auta ba ta yi haƙori ba, ba ka tambaye ni ba, sai mutumin da in ka miƙa masa taswira zai riƙe ta a juye.

Ban ce bidiyon ƙarya ne ba. Amma babban birnin ƙasar aka ɗauka, can arewa. Ƙasar doguwa ce ƙwarai. Garin da Auta za ta yana ƙarshen kudu, a bakin teku, yini da kwana a jirgin ƙasa daga birnin. Tsakaninsu akwai jerin duwatsu masu tare iskar sanyi, teku kuma yana riƙe wa garin ɗumi. Lemo suke nomawa, Yaya.

Kai fa mai gyaran firiji ne. Firiji ɗaya, a sama ruwa ya daskare, a ƙasa tumatir yana zaune lafiya. Da wani zai ce maka ba zai sa tumatir a ciki ba don ya ga ƙanƙara a sama, da ka kira yaran layi sun taya ka dariya. To abin da ka yi ke nan.

Yawan mutane ma haka. Ƙasar tana da miliyoyi, amma mutanen garin gaba ɗaya ba su kai na unguwarku da ta bayanta ba.

Ka ba yarinya fasfonta. A gaida Anti.

Ƙanwarka,
Malama

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Yaya ƙirjin Auta?

Saƙonka ya iso ta bakin Anti, tunda har yanzu muryata ce ba ka son ji. Wai ni ban taɓa tsallaka iyaka ba, a littafi kawai na ga duniya. Haka ne. Shi Mai Cajin a wane jirgi ya dawo?

Sannan ka ce tunda garin ƙarami ne, babu asibitin kirki, ga yarinya da asma. A makon jiya mutane sun yi mata yawa za ta ɓace, a wannan makon sun yi kaɗan ba mai duba ta. Ka zaɓi ɗaya mana. Kuma jinya za ta koya, Yaya. A ina kake tsammani ake koyon jinya, a gonar lemo? Makarantar a cikin harabar asibiti take. Daga ɗakin kwananta zuwa wurin likita bai kai daga shagonka zuwa bakin titi ba.

Na san tsoronka ba na wasa ba ne. Na ga yadda kake saɓa ta a kafaɗa tana ƙarama, numfashi yana sarƙe mata, kana gudu ko takalmi babu. Shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai, don da kana tsoro da gaske da ka bincika da gaske. Ka tsaya ka lura da lokacin da ciwon ke tashi. Tunda shagunanku a jikin gidan suke, janareton Mai Caji yana ƙarƙashin tagarta, yana yi mata hayaƙi tun safe har yamma, ba ka taɓa kulle shi a akwati ba.

Ga abin da nake so, kuma ba sai ka yarda da ni ba. Kowace safiya kafin ka buɗe shago, ka ba Auta wayarka ta rubuta sunan garin a wurin duba yanayi. Sunan garin na ce, ba na ƙasar ba, kuma ita za ta rubuta, ba maƙwabcinka ba. Ka duba da idonka, sannan ka duba na garinku, ka gwada.

Wata ya kusa ƙarewa. Idan gurbin nan ya wuce, ba ni za ka yi wa bayani ba. Ita ce za ta riƙa kawo maka ruwa kullum, ka riƙa kallon fuskarta.

Ƙanwarka,
Malama

Zuwa ga ƴata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin huta gajiyar hanya, kuma ƙirji lafiya. Na ji daɗin wasiƙarki, na karanta wa ƴan ajina wurin da kika ce kina jin ƙarar teku daga gadonki. Ki riƙe maganinki a jaka duk da haka.

Kin tambayi yadda muka ƙare da Babanki. Ba mu ƙare ba. Ranar da ya ba ki fasfo ya kira ni, ko gaisuwar kirki babu, ya tambaye ni yadda aka yi garin ya fi garinsa ɗumi da safe alhali yana cikin ƙasar ƙanƙara. Na sake yi masa bayanin duwatsu da teku tun daga farko, ya saurara, ya ce shi dama ya sani.

Abin da ban yafe ba tukuna shi ne na filin jirgi. Sai da kika faɗa na san cewa da kayanki suka yi nauyi, littattafan da na saya miki ya fitar don babbar rigar sanyin nan mai gashi ta samu wuri. Har da safar hannu. Mutumin da ya yi ta duba yanayin garin da idonsa, sai ga shi Mai Caji ya ja shi gwanjo sayen riga. Na kira shi na faɗa masa maganganu, ya ce ai ba a sani ba, iska tana iya juyawa. Littattafan suna nan, zan nemi mai zuwa.

Yanzu kin ce rigar ta cinye rabin durowarki, za ki kyautar. Kada ki kuskura. Anti ta ce tun da kika tafi, bai taɓa buɗe shago ba sai ya duba yanayin garinku, kuma in ya ga an nuna hadari yini yake yana sake dubawa. Ki sa rigar sau ɗaya, ki ja zif har wuya, ki tsaya a bakin teku wata ta ɗauke ki hoto, ki tura masa. Ki ce ta yi miki daidai. Sannan ki cire da sauri kafin ki suma.

Ki dage da karatu. Allah ya yi miki albarka.

Taki,
Gwaggo