Motar Auta a Ƙarƙashin Tamfol

Litinin, 3 ga Maris
Sati bakwai da rasuwar Auta, ƙanena. Motar da ya yi hatsari a ciki tana bayan gareji, na rufe ta da tamfol. Matarsa na so in gyara, ta ba wani direba, yara su samu na abinci. Shekara ashirin ina miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, amma wannan da na doshe ta sai in kasa taɓa ta, in juya.

Laraba, 5 ga Maris
'Yata mai karatun jinya ta zo da sabon salo. Wai in riƙa bubbuga gira, ƙarƙashin ido, haɓa da ƙashin wuya da kan yatsu biyu, ina faɗin abin da ke damuna. Ƙato da ni! Ta ce, "Gwada dai, Baba, amma kada ka bar maganin hawan jininka." Na ce to, don ta ƙyale ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Na gwada a ɗakin fenti, inda ba mai gani. Ba abin da na ji.

Lahadi, 9 ga Maris
Ƙarƙashin idona ya kumbura, maman yara ta ɗauka faɗa na yi. 'Yata ta ce, "Fuska ce fa, Baba, ba bodin mota ba." Ashe bugun guduma nake wa kaina. Ta kama yatsuna ta nuna min, a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. Ta tambayi me nake faɗa in ina yi. Na ce, gajiya. Ta san ƙarya nake.

Talata, 11 ga Maris
Matar Auta ta zo, ba ta ta da maganar mota ba. Da ma ta tayar.

Alhamis, 13 ga Maris
Yau na faɗa, yatsu a ƙashin wuya. Ni na duba masa tayar gaba, ni na ce za ta kai wani wata, ita ce kuwa ta jawo hatsarin. Sau uku na maimaita. Na yi kukan da ban yi ba ranar da muka binne shi.

Asabar, 15 ga Maris
Na yaye tamfol. Ban ce bubbugawar ce ba, wataƙila lokaci ne ya yi. Na tsaya na bubbuga a gaban makanikai, ba wanda ya yi dariya. Na fara da ƙofar direba. Gobe zan je wajen matarsa, gara ta ji maganar tayar nan daga bakina.