Mutumin Inshora Ya Tarar da Ɗaki Fes

Ruse, Litinin

Nevena 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ni dai ga tari, ƙafa kuma ta kumbura. Kunnena ba ya jin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bututun ruwan gidan sama ya fashe a kaina. Katifa, darduma, littattafaina, da akwatin tufafin marigayiya mahaifiyarki, duk sun jiƙe sun yi funfuna. Mai gida ya ce inshorarsa ta bango ce, kayan ɗan haya ba ruwansa. Na kai takardar inshorar kayan da kika yi mini ofishinsu. Mutuminsu zai zo Alhamis.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, Anastas

*

Varna, Laraba

Baba, barka da hutawa.

Don Allah kada ka taɓa komai! Sai sun ga ɓarnar da idonsu suke biya. In ba su biya ba, ba ni da halin sake maka kayan ɗaki, kuma ba zan bar ka kana kwana a ƙasa ba. Sai dai gidan tsofaffi, ka sani.

Taka, Nevena

*

Ruse, Asabar

Nevena,

Ina gaida ki. Wasiƙarki ta iso jiya, mutumin inshora kuwa ya zo shekaranjiya.

Baƙo zai shigo, in bar shi ya tarar da wari? Tun ranar Talata na roƙi maƙwabcina Ganco ya kwashe komai zuwa bola. Na durƙusa na goge ƙasa da kaina. Na dafa kofi, na fito da ɓaure mai sukari.

Ya shigo ya dudduba, ya ce, "Kaka, ina kayan da suka lalace?"

Na ce, "Ɗana, ai ba a nuna wa baƙo ƙazanta."

Ya ce, "Ko hoto ba ka ɗauka ba? Kaka, ɗakinka ya fi nawa tsafta. Me zan rubuta?"

Ya shanye kofin, ya yaba ɓauren, ya rubuta cewa bai ga asara ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, haka muka tarbiyyantar da ke. Yau an ce wauta ce.

Mahaifinki

*

Varna, Talata

Baba, na yi musu waya, sun rufe magana. Zan zo Lahadi da jirgin ƙasa na safe, mu je ka ga gidan tsofaffin. Ka haɗa jaka.

Nevena

*

Ruse, Lahadi da yamma

Nevena,

Jakar na bakin ƙofa, ba ta ma cika ba. Na sa kwat ɗina tun safe, na zauna a kujerar da ta rage. Jirgin safe ya wuce, na rana ma haka. Ba ki zo ba.

Yau ma a gidana zan kwana, ko da a ƙasa ne. Kada ki yi gaggawa.

Mahaifinki, Anastas