Ranar da Muka Ƙi Yin Shara

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya haƙurin nesa da gida? Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Ba na son tayar maka da hankali, amma bangon ɗakin Inna ya ƙara tsagewa. Ka san kwalbatin bakin layinmu ya rufta tun bara, ruwan unguwar masu hali duk a bayan ɗakinta yake taruwa. Na roƙe ta ta dawo ɗakina, ta ce ɗakin da ta haife mu a ciki ba za ta bar shi ba sai a kan makara. In damina ta kankama a haka, ina tsoron abin da ba na son rubutawa.

Kansila ya sha zuwa duba wurin. Kullum sai ya sha ruwan sanyi, ya yaba mana tsafta, ya tafi. Na daɗe ina juya abin, kuma ina ganin na kama bakin zaren, ko da yake mai yiwuwa kuskure nake. Duk ranar da aka ce zai zo, mata sukan share layi tas, maza su cike ramuka da yashi, Kafinta ya shimfiɗa katako a kan kwalbatin, mu rataya tabarma a kan tsagar bango don rufin asiri. Mutumin nan bai taɓa ganin unguwarmu ba, Yaya. Wadda muke aro masa yake gani.

Ranar Talata zai dawo da shugaban hukumar ayyuka. Na ce kada kowa ya taɓa tsintsiya. Mai-Niƙa ta taso mini, wai so nake a ce bayan talauci har da ƙazanta. Baba Direba ya ce boko ne yake dawainiya da ni da tsufana. Daga baya sun yarda, amma ni kaina jikina ya yi sanyi. In muka tona asirinmu a banza fa? Ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, albishirinka!

Ranar Talata Allah ya saukar da ruwa da safe kamar da bakin ƙwarya. Ban taɓa sanin rashin shara aiki ne ba sai ranar. Hannun kowa ƙaiƙayi yake. Mai-Niƙa, wadda ta fi kowa faɗa da ni, ita ta bi gida-gida ta ƙwace tsintsiyoyi ta kulle a shagonta. Har Inna aka kama da guntun kwali tana kwashe taɓo a zaure.

Motarsu ta iso bakin kwalbatin ta tsaya, babu katako. Shugaban ya leƙo, ya dubi farin takalminsa, ya dubi jama'a suna kallonsa. Ya rasa yadda zai juya, ya naɗe wando ya shiga. Ruwa har gwiwa! Kansila na biye yana zamewa, sai Mai-Niƙa ta rusuna ta ce, “Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, ashe yau ka samu gane hanya.” Na cije leɓe don kada in yi dariya.

Na kai su ɗakin Inna. Shugaban ya zura hannu ta tsagar bangon, yatsunsa suka ɓullo waje, mutanen layi suka gaida su. Bai nemi ruwan sanyi ba.

Yaya, mako bai zagayo ba motar haƙa ta iso. Wasu na cewa zaɓe ne ya matso. Ƙila haka ne, ba ni da tabbas, amma sabon kwalbatin dai na siminti ne, na ƙwanƙwasa da hannuna. Magina kuma sun ɗaure bangon Inna da ragowar kayan aikin.

Jiya aka yi ruwa mai ƙarfi. Duk layi muka fito muka jiƙe sharkaf muna kallonsa yana wucewa ta ƙarƙashin titi, Baba Direba yana ɗaga masa hannu yana cewa a sauka lafiya. Na leƙa ɗakin Inna, na tarar da ita a busasshiyar tabarma tana gaya wa maƙwabta cewa dabarar duk tata ce. Ban musa ba.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙaninka mai farin ciki,
Auta