Baba da Jirgin Ƙasar Ƙanƙara

Kpakungu, Minna.
Watan Maris.

Zuwa ga Gwaggona Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida a Kagara. Yaya ƙafar taki? Yaya fama da zafi? Mu nan sai godiyar Allah. Na san waya tana ba ki wahala saboda kunnen nan, shi ya sa na ce gara in rubuta, Karima ta karanta miki a tsanake.

Saƙonki ya iso ta bakin Ndanusa direba, cewa a haɗa wa Baba kayansa a kawo miki shi, tunda asibiti sun yi iya yinsu, ya ƙarasa kwanakinsa kusa da ƙanwarsa. Gwaggo, ban ga laifinki ba. Yadda kika bar shi da kika zo dubiya, haka yake har makon jiya: ɓarin dama a shanye, fuska tana kallon bango, abinci sai an yi ta lallashi. Likitar gashin ƙashi ta ce hannun zai iya dawowa in zai riƙa motsa shi, in kuwa ya bari ya sandare, to shi ke nan. Shi kuwa da ya ji sallamarta sai ya rufe ido kamar mai barci. Ni kaina na fara karaya, kuma da saƙonki ya zo a lokacin da ban musa ba.

Amma bari ki ji abin da ya faru. Kin san a waya nake duba sababbin ɗinkuna. Wurin da nake dubawar shi ake kira intanet. Ki ɗauke shi kamar kasuwar da ba ta watsewa, inda kowa a duniya yake kawo abin da yake da shi ya baje. Da na rasa yadda zan yi da Baba, sai na riƙa tsinto masa abubuwan mamaki ina kai masa har bakin gado. Akwai wasu bayin Allah da suka kafa kyamara a bakin wani tafki cikin hamada, kana zaune a Minna kana kallon raƙumin dawa yana ware ƙafafu zai sha ruwa, a daidai lokacin da yake shan. Akwai hoton duniya da ake juyawa da yatsa, duk garin da ka taɓa sai ka ji rediyonsu. Na taɓa wani tsibiri da ban iya faɗin sunansa ba, sai ga karatun Alƙur'ani yana tashi. Duk wanda na nuna wa Baba, sai ya kalla kaɗan ya ce, "Ikon Allah," ya mayar da fuskarsa bango.

Ran Talata da hantsi ina neman wani abu daban sai na faɗa kan wani bidiyo. An ɗaure kyamara a bayan gilashin gaban jirgin ƙasa, a wata ƙasa can ƙarshen Turai inda ƙanƙara ke rufe duwatsu fari fat. Ba kiɗa, ba magana, sai layin dogo yana shigewa ƙarƙashinka kamar kai ne direban, tun daga tashar farko har ta ƙarshe. Ban ma kai masa ba, a ɗakin kawai nake zaune ina gyaran wuyan riga. Kin san tsohon direban jirgin ƙasa, ƙarar ƙafafun jirgin a kan dogo ya ji. Gwaggo, Baba ya juyo da kansa.

Maigidana Suleiman ya haɗa wayar da talabijin, muka jingina Baba da filo. Muna ta gumi da zafin nan na Minna, shi kuwa idonsa yana cikin ƙanƙara, ko ƙiftawa da ƙyar. Har aka kira azahar bai ce a kashe ba. Can sai na ji ya ce, da harshen nan nasa mai nauyi, "Wa ke ja?" Na ce ban sani ba, ba a nuna fuskarsa. Ya ce, "Ya iya." Bayan ya yi salla ya ce in miƙo masa kunun da ya ƙi sha da safe.

Don haka nake roƙonki, ki ba ni zuwa faɗuwar damina. In bai canja ba, ni da kaina zan rako shi.

Ki gaida Karima da yara. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Taki 'yarki,
Zakiyya.


Kpakungu, Minna.
Ƙarshen Afrilu.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gida gaba ɗaya, da fatan kowa yana lafiya. Daddawar da kika aiko ta iso, Allah ya saka da alheri. Na kuma gode da kika amince da roƙona, ko da yake Ndanusa ya ce sai da kika yi ta faɗa kina cewa talabijin ba magani ba ne.

Kin tuna Baba Ndaman, mutumin Bida, wanda suka yi aikin reluwe tare da Baba, shi yana gadin jirgi a taragon baya? Da ya ji labari sai ya fara zuwa daga Bosso kusan kullum. Su biyu suke tasa talabijin a gaba, domin ashe mai bidiyon nan ya zuba irinsa da yawa. In jirgi ya doshi tasha sai Baba Ndaman ya kira sunan wata tashar tamu, ya ce ga Zungeru, ga Mokwa, Baba yana yi masa tsaki. Abin da na lura da shi kuwa, duk lokacin da aka zo gangara, yatsun Baba na dama suna motsi a kan zanin gado, kamar mai neman birki. Da na nuna wa likitar, sai ta ajiye kayan aikinta ta ce a bar shi ya ja jirginsa, ita za ta bi ta nan.

Abin dariyar ya faru ne wata ranar Asabar. Jirgin ya shiga wani dogon rami da aka huda cikin dutse, waje ya yi duhu, sai gilashin gaban ya koma madubi, ya nuno wanda ke zaune a kujerar direba. Baba Ndaman ya miƙe tsaye har hularsa ta faɗi. Kin san Hausarsa. Ya ce, "Ishaku! Wannan direba mace ne! Wallahi mace ne, ga gashinsa!" Baba ya ce in mayar baya. Na mayar. Mace ce kuwa, ba yarinya ba, za ta yi sa'ar babbar yayarmu Rukayat, da tabarau a fuskarta. Na yi zaton Baba zai ɓata rai, domin tun fari "abokin aikina" yake kiran direban. Sai ya yi dariya da rabin bakinsa, dariyar farko tun rasuwar Inna. Ya ce, "Ashe abokiyar aiki ce. Ndaman, dubi yadda take shiga tasha. Ko shayi ka ɗora a gabanta ba zai zube ba."

Da na gaya masa akwai wurin da masu kallo ke rubuta mata saƙo a ƙarƙashin bidiyon, sai ya ce lalle a gaishe ta. Ya faɗi abin da za a ce da Turancinsa na reluwe, na rubuta. Ma'anarsa ita ce: daga tsohon direba a Minna ta Nijeriya, wanda ya ja jirgi tsakanin Jebba da Kaduna har ya yi furfura, hannunki a birki yana da kyau, Allah ya kiyaye hanya. Na ce to in aika? Ya ce a'a, sunansa shi zai sa da kansa. Na kawo wayar wajen hannunsa na hagu mai lafiya, ya harare ni ya ce, "Da hagu ake gaisuwa a gidanku?"

Gwaggo, saboda sunan nan Baba ya yarda da duk abin da ya ƙi a baya. Ya matsa ƙwallon roba, ya tsinci wake ɗaya bayan ɗaya daga faranti, gumi yana zuba, wani lokaci har da hawaye, bai ce a bari ba. Ranar da yatsansa ya iya danna haruffan Ishaku har ƙarshe, likitar ma sai da ta share ido.

Sai dai ga inda damuwata take. Tun da muka aika ba a amsa ba. Ban gaya masa cewa masu rubuta mata dubbai ne ba, kuma nasa zai iya nutsewa a cikinsu. Kullum da safe kafin ya karya sai ya ce, "An amsa?" In na ce tukuna, sai ya ce wataƙila tana kan hanya. Kwanan nan ya daina tambaya, jiya kuma na same shi ya juya wa talabijin baya. Suleiman ya ce mu rubuta amsar da kanmu mu karanta masa, wa zai sani? Wallahi zuciyata ta so. Baba Ndaman ne ya hana. Ya ce, "Direba yana tafiya ne da gaskiyar mai ba shi hannu. In ka nuna masa kore alhali ja ne, kai ka kashe shi." Na haƙura, amma ina tsoro.

Ki sa mu a addu'a. Ki huta lafiya.

'Yarki,
Zakiyya.


Kpakungu, Minna.
Watan Yuni.

Zuwa ga Gwaggona abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, kuma ruwa ya sauka muku da albarka kamar yadda ya sauka mana. Yaya shuka? Ki ce wa Karima ta karanta wannan da ƙarfi, kada ki rasa ko kalma ɗaya.

Ta amsa, Gwaggo! Ina shago ina yanka yadi saƙon ya shigo, na bar almakashi a kan tebur na tari Keke, ko mayafina ban gyara ba. Ta ce ta yi jinyar mahaifiyarta ne shi ya sa ta daɗe ba ta duba ba. Ta ce a duk masu rubuta mata ba wanda ya taɓa yaba mata birki, sai dai su yabi duwatsu da ƙanƙara, don haka ta gane wannan ɗan gida ne. Ta karanta wa abokan aikinta saƙon a ɗakin shan shayinsu, har suka nemo Minna a taswira. A ƙarshe ta roƙi alfarma, wai tana son ganin tasharsa.

Na karanta wa Baba, ya ce in sake, na sake. Sai ya ce a ɗauko masa farar rigarsa a goge. Na ce ai ni zan je in ɗauko mata hoton tashar. Ya ce, "Baƙo ya ce zai ga gidanka, sai ka aika a nuna masa?"

Sai da muka ƙara makonni yana koyon tsayuwa da sanda kafin likitar ta yarda. Ranar da muka je, Suleiman yana riƙe da shi ta dama, Baba Ndaman yana gaba yana ba mutane haƙuri su kauce. Ma'aikatan tashar suka karɓe mu da mutunci, wani dattijo a cikinsu ma ya gane shi ya rusuna. Da muka hau dandamali Baba ya ce Suleiman ya sake shi. Ya taka da kansa, yana jan ƙafar, har bakin dogo. Ya tsaya ya nuna kudu da sandarsa ya ce nan hanyar Jebba, ya nuna arewa ya ce nan hanyar Kaduna, ya yi mata bayanin yadda dogo ke santsi da ruwan farko. Ni ina riƙe da waya idona yana kan Baba, don haka bidiyon duk ya karkace. Haka na ɗora shi, na tura mata inda za ta gani.

Shekaranjiya ta fitar da sabon bidiyo. Ƙanƙarar ta narke, ƙasar ta yi kore shar, ruwa yana zubowa daga kan duwatsu. Muna zaune mu huɗu muna kallo, jirgin ya doshi wata doguwar gada, sai rubutu ya fito a ƙasan hoton: wannan ta Ishaku ce, direban Minna, da mai gadinsa Ndaman. Sai ta danna odar jirgin, doguwa, har duwatsun suka amsa. Ba kowa a wurin, Gwaggo, ba gari ba tasha, sai ruwa da itatuwa. Matar da ba ta taɓa ganinmu ba, ba addininmu ɗaya ba, ba ta neman komai a wurinmu. Baba Ndaman ya rufe fuska da hula yana kuka kamar yaro. Baba kuwa ya gyara zama ya ce, "Ndaman, natsu mana. Gaishe mu aka yi."

Yanzu a ƙarƙashin bidiyon tsofaffin direbobi daga ƙasashe daban-daban suna ta yi masa sallama, har da wani daga Indiya mai tambayar irin injin da ya ja. Kowa Baba sai ya amsa masa, ni ce sakatariya. Ya ce in gaya miki zai zo Kagara in ruwa ya ɗauke, amma yini zai yi ya dawo.

Sai kuma aiken da ya ba ni, wanda ya ce kada in kuskura in manta. A sabon bidiyon an ga hannun matar lokacin da ta kai shi ga oda, Baba ya sa na tsayar, ya ƙura masa ido. Duk bayan hannun ya yi ja ya farfashe saboda sanyi. Na riga na je gidan waya na tambayo yadda ake aika kaya can, ita ma ta ba ni adireshin wurin aikinsu. Don haka ki samo man kaɗe mai kyau, irin wanda kike kaɗawa da kanki, ba na kasuwa ba, ki ba Ndanusa ya taho da shi ran Juma'a. Baba ya ce ki cika gwangwanin sosai, domin direba da hannunsa yake ci.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar mana ke.

Taki har kullum,
Zakiyya Ishaku.