Hannun Da Ya Riƙe Faruk Ranar Shayi

Zuwa ga Alhaji Haruna,
Wakilin dangin mijina marigayi a Nijeriya,
Nassarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Hajiya da yara. Ina kuma taya ka murnar wannan muƙami na wakili da dattawan danginku suka ba ka. Na ga an ƙara shi a jikin katinka, da jan rubutu.

Tsakanin gidana da naka layi uku ne, amma ga shi sai ta jarida zan yi maka magana. Sau huɗu ina zuwa ƙofarka. Sau huɗu mai gadi yana gaya mini Alhaji ya fita, alhali ina hango motarka a gindin mangwaro an ɗaga mata gilasai. Ban ga laifinsa ba, abin da aka sa shi ya faɗa ya faɗa.

Tunda wasu za su karanta, bari in faɗi ko ni wace ce. Sunana Rabi'atu, haifaffiyar Gama, na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata. Mijina Dakta Isma'ila mutumin Uganda ne, ɗan ƙabilar Bamasaba da ke zaune a gindin wani babban dutse kusa da garin Mbale. Kai da shi danginku ɗaya, jirgi ɗaya ya kawo ku Kano kuna samari. A nan ya yi aikin likita har ya tsufa, a nan ya rasu cikin azumin bara, a nan aka binne shi. Ɗa ɗaya Allah ya ba mu, Faruk, wanda tun yana rarrafe yake ce maka Baffa.

Na farko, alkawarin asibiti.

Kana zaune a bakin gadon lokacin da Dakta ya kama hannun Faruk ya ce masa ya je gida ya karɓi gonar kofin da kakansa ya bari, inda kaburburan iyayensa suke, kada ya bari a sayar, kuma kada ya dawo sai ya gama. Faruk ya amsa. Kai ma ka amsa, har ka ce ya kwantar da hankalinsa, ɗan yana hannunka. Bayan sadakar arba'in Faruk ya ajiye aikinsa na haɗa magunguna ya tafi da jaka ɗaya, yana cewa sati uku zai yi. Wata na goma ke nan.

Na biyu, abin da ya tarar.

Ofishin da ke ba da takardar kula da gado ya ce masa ya kawo rahoton taron dangi da ke nuna shi ne magajin ubansa. Wannan ba matsala ba ce. Aka kira taro, Faruk ya shiga ya zauna, sai ƙanen ubansa, Juma, wanda tuni ya samo mai sayen gonar, ya miƙe ya ce yaro ba ya zama cikin maza. Yaron da ake nufi shekararsa ashirin da tara, da gemunsa.

Ga masu karatu, ga dalili. Bamasaba suna da wata al'ada da suke kira imbalu, wato kaciyar samari. Ba a yi wa yaro tun yana ƙarami. Sai ya tasa, a yi kwanaki ana kiɗa ana zagaya dangi da shi, sannan ya tsaya da ƙafafunsa a tsakiyar jama'a a yanke shi, bai motsa ba, bai ƙifta ido ba. Wanda ya tsaya haka ya zama namiji. Wanda bai tsaya ba, ko furfura ta cika masa kai, masu tsaurin ra'ayi a cikinsu yaro suke ce masa. Ni ban raina wannan al'ada ba. Na zauna da mutumin da ya tsaya shekara talatin da ɗaya, kuma ban taɓa ganin namiji irinsa ba.

Dattawan taron sun yi adalci gwargwado. Suka ce ba su san yadda aka yi da Faruk a Nijeriya ba, a tambayi wakilinsu. Suka aiko maka. Ka ba su amsa da layi ɗaya: bai tsaya gaban wuƙa ba. Ka sa hannu, ka buga hatimi. Faruk ya turo mini hoton takardar, na karanta ta ya fi sau ɗari, kamar wata kalma za ta tsiro a ƙasa.

Na uku, ranar da ka manta.

Ba ka yi ƙarya ba, Alhaji. Bai tsaya ba. A zaune yake, domin haka ake yi a Kano, kuma kai ne ka zaunar da shi.

Bari in tuna maka. Faruk yana shekara bakwai, lokacin sanyi, aka shirya yi wa sa'anninsa shayi a gidanmu na Gama. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta tasa ni gaba, ta ce ba za ta yarda jikanta ya zama abin dariya a makarantar allo ba. Ni ma na tasa Dakta gaba. Ya ƙi. Ya ce a bar shi ya kai sha shida, shi da kansa zai kai shi gida ya tsaya inda shi ma ya tsaya. Sati biyu muna gardama, har na daina kai masa abinci ɗaki. Wannan laifina ne, na ɗauka, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai a yau.

Amma wa ya raba gardamar? Kai. Ka zo ka zauna a falonmu, ka ce masa mu Musulmi ne, zamani ya sauya, a can gida ma akwai Musulmin da ake yi wa 'ya'yansu a asibiti kuma ba wanda ya hana su gado. Ka ce in wata rana magana ta taso, kai ne shaida, kai za ka tsaya masa. Da maganarka Dakta ya sauko, ba da tawa ba.

Kai ka ɗauko wanzamin a motarka. Kai ka zauna a bayan Faruk a bakin ramin ka rungume shi, ka danne masa cinyoyi. Yara shida aka yi wa ran nan, biyar sun cika unguwa da ihu. Faruk bai ce uffan ba, leɓensa kawai ya ciza har ya fashe. Ka fito soro kana share hawaye kana gaya wa kowa cewa jinin dutse ya nuna, ko a can gida aka kai shi sai dai a jinjina masa. Da yamma ka dawo da kaza gasasshiya. Akwai hoto: kai a tsugunne, hannunka riƙe da kafaɗarsa, shi da 'yar riga ba wando, cinyar kaza a hannunsa. Yana cikin akwatina.

Duk wannan bai samu shiga takardarka ba. Wurin hatimi ne ya cinye filin?

Yanzu Juma yana cewa in Faruk yana son zama cikin maza, ya jira shekarar imbalu, wadda ke zagayowa duk bayan shekara biyu, ya tsaya. Ka gafarce ni, ni mace ce kuma uwa, ban so bakina ya kai nan ba. Amma kai da ka gani da idonka, gaya musu: me ya rage da za a yanka? An gindaya wa ɗana sharaɗin da ba mahaluƙin da zai iya cika shi, kuma mai gindayawar ya san haka, shi ya sa ya zaɓe shi.

Na huɗu, wane iko gare ka?

Sau ɗaya ka ɗaga wayata, ka ce mini al'amarin ya fi ƙarfinka, kana jiran umarni daga sama. Ka manta sana'ata. Tunda na rasa abin yi sai karatu, na nemo tsarin mulkin ƙasarku da dokar shugabannin gargajiya na karanta. Abin da na fahimta shi ne doka ta yarda a yi shugaban al'ada, a girmama shi, ya raya harshe da al'adun mutanensa, ya sasanta su. Amma ba ta ba shi ikon mulki ko na kafa doka ba, kuma ba ta yarda a tilasta wa kowa yi masa biyayya ba. Na kuma karanta cewa Bamasaba tun asali ba su da sarki ɗaya irin namu, kowane dangi da dattawansa, shugaban al'ada na kowa da kowa abu ne na baya-bayan nan, zaɓensa ake yi. Ba ni da ƙorafi a kansa, na tabbata bai taɓa jin sunan Faruk ba.

To wane sama kake jira? In shi babban ba shi da ikon hana ɗa gadon ubansa, kai da kake wakiltar dangi ɗaya daga inuwar mangwaro a Kano, daga ina ka samo naka?

Nan ne aka ɗaure mu. In na ce doka, a ce mini maganar al'ada ce. In na ce to a bi al'adar, a ce sai wakili ya yi magana. In na zo wurin wakili, ya fita. Lauya ya ce a je kotu, kuma za mu iya yin nasara bayan shekaru. Amma alƙali gona zai iya ba Faruk, ba zai iya sa 'yan'uwan ubansa su matsa masa a kan benci ba. Ya ci gona ya rasa dangi, wa zai gaishe shi in ya je share kaburburan? Ba wannan Dakta ya roƙa ba. Hatiminka a takarda ba shi da nauyin komai, amma ya danne rayuwar mutum biyu.

Na biyar, halin da muke ciki.

Faruk yana kwana a ɗakin wata gwaggonsa, yana cin ayaba dafaffiya safe da rana, yana koyon yaren da ake zaginsa da shi. Wurin aikinsa sun gaji da jira sun ɗauki wani. Duk Juma'a yana kirana ya ce Umma komai lafiya, ni ma in ce komai lafiya, mu yi ta yi wa juna ƙarya har katin ya ƙare. Ba zan iya ce masa ya dawo ba, domin da kunnena na ji alkawarin da ya yi wa ubansa. Ba zan iya ce masa ya zauna ba, domin na san abin da yake jira ba zai zo ba sai ta hannunka. Ba zan iya binsa ba, domin a taron da aka kori mai gemu, ina matsayin bazawara baƙuwa? Ina nan cikin gida mai ɗaki shida, ni da kujerar Dakta.

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, ka sake rubuta wa dattawan. Ban ce ka yi ƙarya ba, ban ce ka ce ya tsaya ba. Ka rubuta abin da ya faru duka: uban ya so ya kawo shi gida, kai ka hana, kai ka ɗauki alkawarin shaida, kuma yaron bai yi kuka ba. Su yanke hukuncinsu a kan cikakken labari.

Biyu, in akwai wata doka ko wani umarni da ya ɗaure maka hannu, ka buga shi a wannan jarida kowa ya gani. Zan ba ka haƙuri a daidai wurin da na zarge ka.

Uku, in ba za ka iya ko ɗaya ba, ka mayar musu da hatiminsu, ka gaya musu su nemi wani wakilin.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raya maka zuri'a, kada ya jarrabi 'ya'yanka da irin abin da ɗana yake gani. Allah ya jiƙan abokinka, ya sa ranar da za ku haɗu ka iya kallon idonsa.

Na wanke hoton nan kwafi biyu. Ɗaya na bar maka a wurin mai gadi. Ɗayan zan riƙe shi zuwa ƙarshen wata, in ban ji daga gare ka ba in aika wa dattawan da kaina. Ka duba shi da kyau, Alhaji, ka ga inda hannunka yake. Shekara ashirin da biyu ke nan kana riƙe da yaron nan. An gama shayin tuntuni. Ka sake shi ya tashi.

Wassalam.

Hajiya Rabi'atu (Maman Faruk),
Nassarawa GRA, Kano.