Ba Za a Buga Mandirinki a Bikin Suwaiba Ba

Zuwa ga yayata, marigayiya Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ban girma, tare da fatan kina cikin rahama a makwancinki.

Bayan haka, Yaya, 'yarki Suwaiba ta samu miji. Balarabe ne ɗan ƙasa, yana aiki a wani kantin magani a unguwar Rusaifa, nan Hijaz, kuma ban ga aibunsa ba.

Uwarsa ta zo gidanmu na unguwar Ka'akiyya bayan la'asar. Ta zauna a bakin kujera, ba ta taɓa gahawar da na zuba mata ba. Da idonta ya kai kan mandirinki a jikin bango, sai ta ce sharaɗinsu ɗaya ne: babu kiɗanmu na Takaru baƙaƙen fata a bikin ɗanta, kuma kada danginta su ji cewa uwar amarya makaɗiya ce. Wai kiɗan bayi ne, na 'yan bayan gari.

Yaya, na gane matar. Ke kika yi kiɗan bikin ƙanwarta. Ta taka rawa har mayafinta ya faɗi. Mu kuwa ta ƙofar baya aka shigar da mu, a kicin muka ci abinci, kofunanmu daban. A hanyar gida kika ce min, "Hannunmu suke so, Binta, ba fuskarmu ba." Da wannan hannun kika biya hayar ɗaki, kika sa Suwaiba a makaranta.

Na so in tuna mata. Sai na ga Suwaiba a bakin ƙofa tana murza gefen abayarta, na fasa.

Da matar ta tafi, Suwaiba ta kifa kai a cinyata tana kuka, Hausarta tana sarƙewa da Larabci, tana kirana Hala, wato inna. "Ya Hala, wallahi ba kunyar Mama nake ji ba. Ina son shi ne kawai." Me zan ce wa marainiya? Na ce na yarda.

Sun ɗauko wata mai saka kiɗa a na'ura. Na ji abin da za ta saka: bugunku ne sak, sai dai muryar farar mace ce a kai. A bakinsu wannan sunansa al'adar Hijaz.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne Ladi, abokiyar kiɗanki. Tun da ta ji labarin auren take tara matan ƙungiyarku, duk da ciwon gwiwa. Ta ce kyauta za su yi, don ke. Jiya ta kira ni tana tambayar kalar anko. Na ce mata ruwan goro, Yaya. Na kasa faɗa mata sauran.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba 'yarki zaman lafiya a gidan da ba za ta iya ambaton sana'arki ba. Ni kuma Ya ba ni bakin da zan tunkari Ladi da shi.

Ƙanwarki,
Binta