Rigunan da Suka Matse Matan Zumunta

Zuwa ga ƙanena Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zaman ƙasar Sin? Mu nan Zuru lafiya lau, ƙafar Baba ma ta yi sauƙi.

Rigunan matan zumunta na cocinmu sun iso, kuma raina a ɓace yake. Da za ka tafi, na auna kowace mace da zare, na ƙulla, na damƙa maka. Kai kuwa ka ga araha a kasuwar Guangzhou, ka kwaso, kana yi mini alfahari a waya wai ka ƙi farashinsa ka juya, sai da mai shagon ya biyo ka da gudu kafin ka saya. Ina zaren?

Ranar Lahadi da ƙyar muka cusa kanmu ciki. Shugabarmu, Mama Rahila, ta ɗaga hannu za ta ba da waƙa, rigar ta yage a hammata a gaban ikilisiya. Har yau ba ta amsa gaisuwata.

Ka sa ni a addu'a, Alhamis zan fuskanci matan. Ka gaida abokan zamanka. Mai shagon kuma, ka gaya masa matan Zuru noma suke yi, damatsansu ba ƙanana ba ne.

Yayarka,
Saratu